Mako Guda, Abu Guda: Amsa ga Malamar da Ke Neman Abin Karantawa da Abin Kallo

Wata malamar sakandare a Kano ta aiko da tambaya kamar haka: "Malam, ina da ɗalibai kusan ashirin da muke zama da su duk Asabar da hantsi. Ina so kowane mako in ba su abin karantawa da wani aikin fasaha da za su kalla, a kan muhalli, tarihin jama'a da ƙirƙira. Abin da nake samu a intanet duk na wasu ƙasashe ne. Me zan ba su, kuma da wanne zan fara?"

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah Ya saka da alheri. Na shafe shekaru ina koyar da labarin ƙasa, kuma na taɓa yin irin wannan zama da ɗalibaina, don haka bari in fara gaya miki inda na yi tuntuɓe. Da na fara, sai na ja layi uku a takarda: nan muhalli, nan tarihi, nan fasaha, na cika kowanne da sunayen littattafai. Takarda ta yi kyau. Kafin a yi wata guda zaman ya watse, saura yara huɗu, su ma don kunyata suke zuwa. Laifin ba nasu ba ne. Na raba musu abin da a rayuwa ba a rabe yake ba. Manomin da ya bar gawo a gonarsa bai san cewa yana "kare muhalli" ba, haka maginin da ya ɗaga bakan gizo a rufin soro bai ce yau ranar fasaha ce ba.

Shawarata ita ce ki bar jerin littattafai, ki riƙa ɗaukar abu guda a kowane mako, abin da yaro zai iya taɓawa ko ya je ya gani da idonsa. Sai ki nemo masa shafi uku ko huɗu na karatu, da aikin hannu guda na kallo. Muhallin da tarihin da fasahar duk za su fito daga cikin abin da kansu.

Da ni ne ke, da baba zan fara. Ba Baba mahaifi ba, baban rini. Ki kai su marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa an kafa ta tun 1498, su tsaya a bakin karofi su ga yadda ake haɗa ruwa da toka da baba a bar shi ya kwana kwanaki har ya nuna. Abin da ke kama yara a nan shi ne lokacin da marini ya ciro zane daga rami: yana fitowa da launin kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idonsu. Wannan darasin kimiyya ne da babu allon da zai koyar da shi haka. Ki bar su su yi wa marinan tambaya da kansu, amma ki gargaɗe su su gaisa da ladabi, su kuma sayi ko ɗan kallabi ne, don mutanen nan sana'a suke yi, ba wasan kwaikwayo ba.

Abin karantawa na wannan makon shi ne 'yan shafukan da Bajamushen nan Heinrich Barth ya rubuta a kan Kano. Ya iso birnin a watan Fabrairun 1851 yana yawo da sunan Abdulkarim, ya hau Dala ya zana garin, ya ƙiyasta mazaunansa kusan dubu talatin. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne tufa. Ya rubuta cewa saƙi da rinin Kano suna kaiwa har Gat da Murzuk da Tarabulus ta arewa, har Tambutu ta yamma. Littafin tsoho ne, ana samun Turancinsa kyauta a intanet, ki fassara musu sakin layi biyar kawai. Daga nan sai ki jefa musu tambayar da Barth bai tsaya a kanta sosai ba: hannu nawa riga guda ta ratsa kafin ta isa Tambutu? Akwai wanda ya noma auduga da baba, kuma da yawa daga cikinsu bayi ne a gandaye da rinji, wannan kada ki ɓoye musu. Akwai matar da ta yi gurza da shiɓa da kaɗi a cikin gida, sunanta bai shiga littafin kowa ba. Sai masaƙi, sai marini, sai mabugi da ya yi ta dukan turkuɗi da shuni har ya yi sheƙi irin na 'yan Kura da Buzaye ke naɗawa yana zuba musu a fata. Sai dillali, sai fatake da raƙumansu. Tarihin jama'a ke nan, a cikin zane ɗaya. In lokaci ya ragu ki gaya musu cewa a 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, kuma tun daga nan noman baba ya fara ja da baya a duniya, daga Indiya har zuwa nan. Abin kallo kuwa, kowane yaro ya roƙi kakarsa ta buɗe adaka, ko za a dace da tsohon zanen rini. Sau da yawa ana dacewa, kuma labarin da kakar za ta haɗa da shi ya fi zanen daraja.

Mako na biyu zai fito ne daga cikin na farko, kuma wannan ne daɗin tsarin. A gindin karofi akwai abin da ke kwanciya, katsi. Magina na da ba sa zubar da shi. Suna ƙona shi su haɗa da gashin jima da ruwan dafara su sami laso, simintin gargajiya da ake shafe karofin kansa da rufin soro don kada ruwa ya ratsa. To kin ga marini ya miƙa wa magini, majemi ma ya sa hannu. Sai ki ce musu makon nan na ƙasa ne.

A nan ina son ki daɗe, ko da zai ci mako biyu. Ki tambaye su: ƙasar da aka gina ganuwa da gidajen cikin birni, daga ina aka ɗebo ta? Amsar tana bayan gidajensu, wato kududdufi. Kowane kududdufi inuwar wani gini ce. An haƙa an yi tubali, rami ya zauna, damina ta zo ya tare ruwan unguwa, ya hana shi shiga ɗakuna, ya kuma bar shi ya tsuma a hankali ya ciyar da rijiyoyi. Yana da illarsa, sauro da ƙazanta da yaran da ke faɗawa, ba na musun wannan. Amma a unguwar da na tashi na ga an cike wani babba da shara, aka yanka shi filoti aka gina, kuma tun daga shekarar duk watan Agusta sai mun kwashe tabarmi da katifu mun ɗora a kan tebur. Ruwa bai manta hanyarsa ba. Yaro da ya gane wannan ya fahimci ambaliyar cikin gari fiye da wanda ya haddace ma'anar sauyin yanayi.

Karatun makon shi ne farkon Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, akwai kuma Hausarsa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Su karanta labarin Barbushe da Tsumburbura a Dala, da Gijimasu da aka ce shi ya fara ganuwa, da Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, mai kasuwar Kurmi da gidan sarautar da ke ɗauke da sunansa har yau. Sai dai ki koya musu karatu da ido biyu. Littafin ya tsaya ne a zamanin Sarki Muhammadu Bello, ƙarshen ƙarni na goma sha tara, don haka mai rubutun yana ba da labarin abin da ya wuce shi da shekaru ɗaruruwa. Su tambayi kansu: wa ya rubuta, a fadar wa, kuma su wa aka bari a waje? Sarakuna sun cika shafukan, amma wanda ya ɗauki kwandon ƙasa a ka ya hau ganuwa babu sunansa.

Abin kallo a nan ba ya ƙarewa. Gidan Makama yana kusa, su shiga su ɗaga kai su kalli rufi. Azara daga giginya ake tsaga ta, an zaɓe ta ne don gara ba ta cin ta da sauƙi, amma ba ta iya ratsa ɗaki mai faɗi sosai ba tare da ta lanƙwasa ba. Wannan iyakar ce ta sa magini ya ƙago bakan gizo, yana jera gajerun azara yana tura su gaba kaɗan-kaɗan daga bango biyu har su haɗu a sama. Ni a wurina wannan shi ne mafi kyawun misalin ƙirƙira da za ki iya nuna wa yaro: itace ya ce ga iyakata, mutum ya nemo dabara. Ki nemo musu hotunan cikin tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Muhammadu Durugu, Babban Gwani, a zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830 zuwa 1840. Don kada su ɗauka abin ya mutu da mutanen da, ki haɗa da masallacin Yama da ke yankin Tawa a Nijar, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya kuma ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. Ga hasumiyar masallacin Agadas mai tsayin mita 27, ga zanen bangon gidajen Birni a Damagaram. A ƙarshen zaman ki ba su yumɓu su gwada yin tubali da zanko, za ki sha dariya.

Na uku, gawo. Kafin ki ba su komai su karanta, ki sa su rubuto sunayen unguwanni da garuruwan da aka raɗa da sunan itace. A Kano kaɗai ga Kurna, ga Giginyu, ga Kasuwar Rimi, ga Tsamiyar Boka, ga Durumin Iya, ga Kukar Bulukiya, ga Rimin Gado. A Sakkwato ga Gawon Nama. Sai su je su duba ko itacen yana nan. Mafi yawa za su tarar da suna ya rage, inuwa ta tafi. Wannan taswirar dazuzzukan da ne, babu gwamnatin da ta zana ta, bakin mutane ne ya adana.

Shi gawo halinsa daban ne da sauran itatuwa: yana kaɗe ganye da damina, ya yi kore da rani. Don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen da ya zubar taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi ne a lokacin da ciyawa ta ƙare, dabbobin da suka fake a gindinsa kuma su bar kashi. A Damagaram har yau ana ba da labarin tsananin hukuncin da sarakunan da suke yi wa mai sare gawo. Labarin da nake so su karanta shi ne na sassabin zamani a yankin Maraɗi. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai aikin gona, Tony Rinaudo, bayan ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa duk shekara toho ne daga kututturan da saiwarsu ke da rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi aka bari, aka rage sauran, cikin 'yan shekaru sai itace ya tashi. Manoma suka karɓa suka yaɗa a tsakaninsu, kuma masu binciken da suka kwatanta hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta kusan hekta miliyan biyar da itatuwa wajen miliyan ɗari biyu a kudancin Nijar. Abin da na fi so yara su kama a nan bai shafi aska ko gatari ba. Muddin manomi yana ganin itacen gonarsa na ma'aikacin gandun daji ne, wanda zai ci shi tara in ya taɓa, to gara ya kashe shi tun yana ƙarami. Da aka sassauta dokar, itace ya zama nasa, sai ya rene shi. Rinaudo ya karɓi kyautar Right Livelihood a 2018, shekara ɗaya da Yakuba Sawadogo na Yatenga a Burkina Faso, manomin da ya farfaɗo da ramukan zai, irin waɗanda ake ce wa tassa a Nijar.

Ki haɗa musu da wani ɗan tarihi da zai hana su haɗiye duk abin da suka ji. A tsakiyar shekarun 1930 wani masanin gandun daji daga Birtaniya, E. P. Stebbing, ya zagaya iyakar Nijeriya da Nijar ya yi shelar cewa Sahara na tahowa za ta cinye ƙasar nan. Ingila da Faransa suka tura kwamitin haɗin gwiwa a 1936 zuwa 1937 ya bi iyakar, bai tarar da hamada tana tafiya kamar rundunar yaƙi ba, ya dai ga wuraren da ƙasa ta lalace saboda yadda ake amfani da ita. Ba ina cewa babu matsala ba ne, duk wanda ya je Yusufari ya ga tudun rairayi ya san akwai. Amma "hamada na tahowa" magana ce da ke sa mutum ya naɗe hannu, ita kuwa "gonar nan ta gaji" tana sa shi ya ɗauki fartanya. A nan ne jerin ƙasashen wajen da kika ambata zai yi miki amfani, domin a daidai shekarun nan guguwar ƙura ta tashi manoma daga gonakinsu a tsakiyar Amurka, kuma hotunan da Dorothea Lange ta ɗauka na iyalan da suka yi ƙaura suna nan a intanet. Ki ajiye ɗaya a gabansu ki yi shiru, ki ga me za su ce.

Akwai mako mai nauyi da bai kamata ki tsallake ba, makon yunwa. Mutanenmu ba sa tuna yunwa da lambar shekara, suna raɗa mata suna. Ta 1913 zuwa 1914 ana ce mata Kakalaba a wurare da dama. Ta 1984 a Nijar ana kiranta El Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya, hatsi ya kasa ƙetarawa. Dubi wannan sunan da kyau: fari daga sama yake, amma jama'a sun laƙaba wa yunwar sunan hukuncin da mutum ya yanke. Wannan shi ne abin da Michael Watts ya bi diddiginsa a bincikensa na ƙasar Katsina da ya fito a 1983, cewa ƙarancin ruwa kaɗai ba ya zama yunwa sai ya tarar da haraji da bashi da rumbun da aka riga aka wofintar. Littafin ya yi wa 'yan sakandare nauyi, ke ki karanta ki tace musu. Su nasu aikin shi ne kowa ya zauna da tsoho ko tsohuwar da ta ga farin 1973, ya tambaye ta me aka ci, wa ya taimaki wa, su wa suka tafi ba su dawo ba, kuma da wane suna ake kiran shekarar a garinsu. Su nemi izini kafin su ɗauki murya a waya. In tsohuwa ta yi shiru, kada su matsa.

Don su ga cewa irin wannan hirar kan zama littafi, ki nuna musu labarin Baba ta Karo, wadda aka haifa a 1877. Ta zauna da Mary Smith a ƙasar Zazzau a 1949 zuwa 1950 tana ba ta labarin rayuwarta da Hausa, aka buga shi da Turanci a 1954, bayan rasuwarta. Harin bayi, aure da saki, ƙawance, kishi, zuwan Turawa, duk ta bakin macen da ba ta taɓa riƙe sarauta ba. In littafi ɗaya tak za ki saya wa zaman nan, shi ne. Sai dai ki riga su karantawa ki zaɓi shafuka, don tsohuwar ba ta da rufa-rufa.

Sauran makonnin za su zo miki da kansu. Fata: jar akuyar Sakkwato, jima da bagaruwa, jan launi daga karan dafi, da yadda fatar ke ratsa Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Zaren tsamiya da ake samu daga saƙar wata tsutsa, a yi aska takwas da shi a wuyan babbar riga. Zanen shanu a duwatsun Birnin Kudu, tafiyar yini guda ce daga Kano ku je ku dawo. Kwalekwalen Dufuna a Yobe, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987, tsawonsa ya haura mita takwas, shekarunsa kusan dubu takwas. Ki tambaye su wane irin ruwa ne ya taɓa kwanciya a wurin da har aka sassaƙa irin wannan jirgi. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992, da abin da suka jawo wa masunta da manoman fadamun Haɗeja da Nguru. Ladi Kwali kuwa tana cikin aljihunsu, a bayan takardar naira ashirin, tana gina tukunya. Makon shara ma yana da kyau: aci-balbal na gwangwani, takalmin taya, tukunyar da maƙera ke zubawa daga tarkacen alminiyam, ki jera su da hotunan manyan labulen da El Anatsui, ɗan Gana da ya daɗe yana koyarwa a Nsukka, ke ɗinkawa da murafen kwalabe.

Abu biyu game da tsari. Ki bi shekara, kada ki bi son ranki: kududdufi a Agusta lokacin da ya cika, gawo sau biyu, da rani da damina, don su ga ya sauya riga, yunwa a bazara lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Sannan karatun kada ya wuce abin da za a karanta da murya a cikin minti goma sha biyar, kuma a karanta shi a wurin, yaro ɗaya bayan ɗaya, domin "ku je gida ku karanta" ita ce ta kashe nawa zaman. In kin samu zuwa Kaduna, ki leƙa Gidan Arewa da gidan adana takardun tarihi na ƙasa, ki nemi tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara a Janairun 1939. Wasiƙun masu karatu da ke ciki gajeru ne, Hausarsu mai daɗi, daidai da zama ɗaya.

Asabar mai zuwa ba sai kin kashe ko sisi ba. Ki ce kowa ya zo da sunan unguwa ɗaya mai sunan itace, da amsar ko itacen yana tsaye. Ta biye da ita sai ku nufi Ƙofar Mata, ku je da sassafe kafin rana ta take, kuma ki ce su sa tsofaffin kaya, don shuni ba ya fita.